Mu biyar, manhaja ɗaya, kowa yana ƙauyensu: ta yaya za mu haɗa aikin?

Ɗan Kura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma a darasin gina manhaja na wannan zangon an raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya nemo wata matsala ta gaskiya a cikin al'umma ya gina mata manhaja. Mu biyar ne a namu rukunin, maza huɗu da mace ɗaya. Shawarata aka ɗauka, domin a garinmu, wanda ke cikin yankin noman rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, akwai wani dattijo mai injin casar shinkafa da har yau a babban littafi yake rubuta buhunan shanshera da ake kawo masa, da kuɗin casa, da bashin da yake bin mata masu turara shinkafa. Littafin ya sha ƙura da ɓuntu har wasu shafukan ba sa karantuwa, kuma na ga da idona ranar da aka yi kusan awa guda ana jayayya a kan buhu biyu, saboda yaron da ya rubuta su ya tafi gona, babu kuma wanda ya iya karanta rubutunsa. Muka ce za mu yi masa manhajar wayar Android da za ta riƙe masa wannan lissafin.

Matsala ta fara ne da aka ba da hutu kowa ya koma gida. Ni ina Kura, ɗaya yana wani ƙauye a Bunkure, ɗaya yana Gwarzo, ɗaya yana can wajen Birnin Kudu, ita kuma 'yar'uwar tamu tana kusa da Kazaure. Saura mako shida a koma, kuma a makon farko na komawa za mu kare aikin a gaban malamai. Yadda muke yi shi ne, duk wanda ya yi gyara sai ya dunƙule foldar aikin gaba ɗaya ya tura a zaurenmu na WhatsApp, wanda ya samu sarari ya sauke ya ɗora nasa a kai. A makon jiya na yi kwana uku ina aikin shafin bashi, ina kai kwamfutata shagon mai caji da rana in yi aiki da daddare, sai na Gwarzo ya turo tasa foldar wadda ya gina a kan tsohon kwafi, sauran kuma suka ci gaba daga tasa. Kafin in ankara, aikina ba ya cikin abin da suke riƙe da shi, nasu ba ya cikin nawa, kuma yanzu folda uku ce ke yawo, kowacce da abin da babu a sauran. Ga shi kowace turawa tana cinye data mai yawa, a wasu ƙauyukan kuma sai an fita bayan gari ake samun sabis.

Abin da ya fi damuna ma bai tsaya nan ba. Na Birnin Kudu, wanda ya fi mu ƙwarewa nesa ba kusa ba, ya ce mu bar masa ya sake rubuta komai shi kaɗai cikin mako biyu, tunda maki ɗaya za a ba mu duka. Na Bunkure ba shi da kwamfuta, ya yi shiru a zauren saboda kunya. 'Yar'uwar tamu kuma tun farko aka ce ta riƙe rubuta rahoto. Don Allah waɗanda suka taɓa bi ta wannan hanya su ba mu shawara: ta yaya za mu haɗa foldojin nan uku, kuma mu amince da tayin na Birnin Kudu ko kuwa?

Mai gina manhaja daga Ringim:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, ku daina tura folda a WhatsApp daga yau, domin abin da ya same ka zai sake samun wani a cikinku muddin kuna kan wannan tsari, kuma ba laifin na Gwarzo ba ne. Maganin wannan ciwon shi ne Git. Linus Torvalds ne ya ƙirƙire shi a 2005 don masu aikin Linux, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, waɗanda suke warwatse a ƙasashe daban-daban kuma suke taɓa fayiloli iri ɗaya a lokaci guda, wato irin halin da kuke ciki ke nan, sai dai nasu ya fi girma. Na san an ambace shi a aji, amma ɗalibai da yawa suna ɗauka sai da intanet yake aiki, alhali ba haka ba ne. Git yana ajiye tarihin aikin gaba ɗaya a cikin kwamfutar kowannenku. Kana iya yin kwana biyar a ƙauye ba sabis, kana aiki kana adana kowane mataki da umarnin commit, ranar da ka shiga gari ko ka je inda sabis yake sai ka jawo na 'yan'uwanka da pull, ka tura naka da push. GitHub wuri ne kawai na tsakiya da kowa zai riƙa kai nasa yana ɗebo na sauran, kuma tun 2020 ana iya buɗe ma'ajiya ta sirri a can kyauta ba tare da an ƙayyade yawan abokan aiki ba.

Maganar data kuma, nauyin da kake gani ba na rubutunku ba ne. Kod ɗin da mutum ya rubuta a yini guda rubutu ne zalla, da wuya ya kai nauyin hoto ɗaya. Abin da ke kumbura foldar shi ne tarkacen da Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin Android da ita, ke samarwa duk lokacin da aka harhaɗa manhajar, musamman foldar build, kuma kowace kwamfuta tana iya sake samar da nata. Akwai ƙaramin fayil mai suna .gitignore wanda ake lissafa irin waɗannan a ciki don Git ya kau da kai daga kansu, kuma Android Studio yana saka shi da kansa idan aka buɗe sabon aiki, sai dai ka duba ko yana nan. Bayan wannan, Git ba ya tura komai sai abin da ya canza.

Ga yadda zan haɗa foldojin uku da ni ne. Ka nemo kwafi mafi tsufa wanda duk ukun suka samo asali daga gare shi, ka mayar da shi ajiya ta farko. Daga nan ka fitar da reshe uku, wato layukan aiki daban-daban da Git ke riƙewa ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba, ka zuba kowace folda a reshenta, ka adana. Sai ka riƙa haɗa rassan ɗaya bayan ɗaya da umarnin merge. Inda mutum biyu suka taɓa wurare daban-daban, Git zai haɗa da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Inda suka taɓa layi ɗaya, zai tsaya ya nuna maka rubutun kowanne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya bar maka zaɓi. Kada ka yanke wannan hukunci kai kaɗai, ka kira mai ɗaya rubutun a waya ku duba tare, domin shi ya san dalilin da ya sa ya rubuta nasa haka. Zai iya cin yini guda, amma sau ɗaya za ku yi shi.

Idan aka wuce nan, abin da zai tsare ku shi ne yawan haɗawa. Reshen da ya yi mako uku ba a haɗa shi ba, ranar haɗa shi ranar wahala ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya tura nasa akalla sau biyu a mako, ko da bai gama ba, muddin manhajar tana tashi. Wanda sabis ya gagare shi gaba ɗaya, akwai umarnin bundle da ke dunƙule sababbin ajiyoyinsa a ƙaramin fayil guda, a ɗauka a filasha ko a tura ta waya, wani ya zuba masa a ma'ajiyar. Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai: kada ku saka kalmar sirri ko sunayen abokan cinikin Alhaji mai injin na gaskiya da bashinsu a cikin ma'ajiyar, domin abin da ya shiga tarihin Git, goge shi daga baya aiki ne ja.

Malamin kwamfuta, Gumel:

Ɗan'uwana na Ringim ya ba ka maganin rabin ciwon, kuma ban ga abin gyara a maganarsa ba. Sai dai na sha duba irin wannan aiki na ɗalibai, kuma na ga rukunin da suka iya Git sosai amma tarihin ajiyarsu daga farko har ƙarshe sunan mutum ɗaya ne. Don haka tambayarka ta biyu ita ce babba a wurina, kuma amsata ita ce kada ku karɓi tayin nan, ɗana.

Ban ce yaron yana da mugun nufi ba. Yana ganin lokaci na tafiya, yana tsoron faɗuwa, kuma gaskiya ne cewa zai iya gamawa shi kaɗai da sauri. Amma ba don a samar wa Alhaji manhaja kawai aka raba ku rukuni ba, da haka ne da sai a ba mutum ɗaya. An raba ku ne don ku koyi abin da ba a koyon sa a kaɗaice: karanta kod ɗin wani, bayyana naka ga wanda bai san abin da ke ranka ba, da cika alkawarin da wani ya dogara da shi. Ni idan ɗalibai suka tsaya a gabana, sai in buɗe wani fayil in nuna wa wanda ya fi yin shiru, in ce ya faɗa mini abin da zai faru idan na cire wannan layin. A nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa.

Mutanenmu sukan ɗauki aikin rukuni kamar gayya, kuma a nan kuskuren yake shigowa. A gayya kowa ya kama kunyarsa, ba ruwansa da ta maƙwabcinsa, idan aka ƙara mutum biyar sai gonar ta ƙare da wuri. Manhaja ba haka take ba, domin kunyar kowa ta ratsa ta kowa. Tsakanin mutum biyar akwai hanyar magana guda 10, idan suka zama shida ta koma 15, kuma kowace hanya wuri ce da rashin fahimta zai iya shiga. Saboda haka yadda aka raba aikin ya fi yawan hannuwa muhimmanci. Rabon da ɗalibai suka fi yi, wato wane ya yi fuskar manhaja, wane ya yi rumbun bayanai, wane ya yi rahoto, shi ne mafi muni, domin babu wanda zai iya gwada nasa sai kowa ya gama, kuma ba a ganin ɓarakar sai a makon ƙarshe. Ku raba shi bisa ayyukan da Alhaji yake yi a injinsa. Ɗaya ya ɗauki rajistar abokan ciniki, ɗaya karɓar shanshera, ɗaya kuɗin casa, kai ka riƙe bashi da biya tunda ka fara, na biyar ya ɗauki lissafin ƙarshen yini. Kowa ya yi nasa tun daga abin da ake gani a fuskar waya har zuwa inda ake adana shi. Kafin nan ku zauna ku rubuta tsarin teburan rumbun bayanai, wato jerin abubuwan da manhajar za ta adana da gurbin kowanne, a shafi guda, kowa ya amince, kuma kada wanda ya canza ko da sunan gurbi ɗaya ba tare da ya sanar da sauran ba.

Shi kuma na Birnin Kudu, ku ba shi matsayin da ya dace da ƙwarewarsa: bayan nasa kason, shi zai riƙa duba aikin kowa kafin a haɗa, ya nuna inda aka kuskure, amma mai aikin ne zai gyara da hannunsa. Na Bunkure kuwa maƙwabcinka ne, tsakaninku tafiyar babur ce. Ya riƙa zuwa wurinka kwana biyu a mako ku zauna a gaban kwamfuta ɗaya, shi yana bugawa kai kana kallo idan kason nasa ake yi, kuma ajiyar ta fita da sunansa. Rashin kwamfuta ba rashin basira ba ne, kuma kai ne za ka fara kiran sa, don ba zai roƙa ba.

Tsohuwar ɗaliba daga Auyo:

Malam ya taɓo maganar rahoto a taƙaice, ni kuma a nan zan tsaya, domin ni aka taɓa yi wa haka. A shekararmu ta uku ni kaɗai ce mace a rukuninmu, aka ce tunda rubutuna yana da kyau in riƙe rahoto, na kuwa karɓa ina ganin an sauƙaƙa mini. Na rubuta babi biyar a kan manhajar da ban taɓa buɗe kod ɗinta ba. Ranar karewa aka tambaye ni yadda shafin shiga yake tantance kalmar sirri, na tsaya ina kallon allo, 'yan rukunin suna kallon ƙasa. Sai da na yi shekara guda ina koya wa kaina abin da ya kamata in koya a wannan zangon. Ƙanena, ka kira ta ka tambaye ta kason da take so, kada ku zaɓar mata. Rahoton kuma kowa ya rubuta babin da ya shafi nasa aikin. Sannan ku dubi lokacin da kuke tattaunawa: idan ƙarfe goma sha ɗayan dare kuke yi saboda arhar data, kuma sai an fita bayan gari ake samun sabis, to kun cire ta daga shawara ba tare da kun faɗa ba. Ku mayar da shi hantsi ko bayan la'asar, kuma duk abin da aka yanke a rubuta shi a wuri ɗaya don wanda bai samu halarta ba.

Sauran maganata a kan manhajar ce kanta, tunda a wajenmu ma shinkafar ake nomawa kuma na san irin wannan injin. Ku gina ta yadda za ta yi aiki babu intanet ko kaɗan. SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai, yana cikin kowace wayar Android, ba ya buƙatar wata uwar na'ura a nesa, kuma ya ishe ku. Amma ku tuna wayar tana zaune ne a cikin ƙura da zafi, tana iya faɗawa ruwa ko a sace ta, saboda haka hanyar kwafe bayanan zuwa wata waya ko katin ajiya ba ƙari ba ce, tana cikin ainihin aikin. Littafin Alhaji duk da tsufansa ba ya mutuwa don batir ya ƙare.

Kuɗi kuma kada ku adana shi a matsayin lamba mai ɗigo. A yawancin harsunan kwamfuta idan ka tara 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif za ka samu ba, za ka ga 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɗan bambanci idan ya taru a lissafin bashi rigima yake haifarwa. Ku adana cikakkiyar lamba, kobo ko naira, ku tsaya a kan ɗaya. Haka nan kada ku bari a goge bashi ko a canza shi bayan an rubuta. Idan an biya, a shigar da biyan a matsayin sabon layi da kwanan watansa, idan an yi kuskure a shigar da gyara, don ranar da matar da ke turara shinkafa ta ce ta biya, a iya nuna mata yadda lissafin ya tafi daki-daki. Ku gwada kuma sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, domin yau yaron zai rubuta Ɗanladi, gobe ya rubuta Danladi, manhajar ta ɗauka mutum biyu ne ta raba musu bashin mutum ɗaya. Wajen neman suna ya kamata ta ɗauki haruffan nan daidai da takwarorinsu marasa lanƙwasa.

Duk waɗannan ba a gano su a ɗaki. Ku je injin ku zauna yini guda ranar da aiki ya yi yawa, ku miƙa wa yaron da ke rubutu wayar ku yi shiru ku ga inda zai tsaya, domin gani ya kori ji.

Ɗan Kura:

Allah ya saka muku da alheri, Yaya na Ringim da Malam da Anti. Na dawo in faɗa muku inda muka kwana. Mun haɗa foldojin uku ranar Asabar kamar yadda aka kwatanta, Git ya tsaya a fayil huɗu, ni da na Gwarzo muka yi kusan awa biyu a waya muna warware su, kuma shafin bashina ya dawo. Na Birnin Kudu bai ji daɗin maganar da farko ba, amma da na karanta masa abin da Malam ya rubuta ya amince da aikin dubawa, har ya riga ya mayar mini da nawa sau biyu saboda na adana kuɗi da ɗigo. 'Yar'uwarmu ta zaɓi kuɗin casa da kanta, mun kuma mayar da zamanmu bayan la'asar ranar Litinin da Alhamis.

Jiya ni da na Bunkure muka wuni a injin, muka ga abin da ba ya cikin tsarinmu ko kaɗan. Ba kowa ne ke biyan kuɗin casa da naira ba. Wasu matan tiya ake ɗiba daga shinkafar tasu a madadin kuɗi, wasu rabi kuɗi rabi shinkafa, kuma Alhaji yana ƙimanta tiyar ne da farashin kasuwa na wannan makon, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Teburin biyanmu gurbin naira kawai yake da shi. Na Bunkure ya ba da shawarar a riƙa adana yawan tiyar da farashinta na ranar a gurbi daban-daban, manhajar ta lissafa kuɗin da kanta, don ko farashi ya tashi daga baya tsohon lissafi ba zai motsa ba. Tunda canjin ya taɓa kason mutum uku, ba mu taɓa teburin ba tukuna, mun rubuta shi a cikin abin da za a tattauna ranar Alhamis. Idan Anti ko Yaya sun ga wata matsala a wannan shawarar, muna son mu ji kafin ranar.